Na Wanke Abincin Karen Baba, Ƙanina Ya Sha Faɗan

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki yi mini dariya sai kin kai ƙarshe. In kin kai ƙarshen kina iya yi, don maigidana ma ya yi har ya gaji. Magana ce a kan kare. Na san wasu masu karanta wannan fili za su taɓe baki su ce mutane na fama da manyan matsaloli, wata ta kwaso mana zancen kare. Su yi haƙuri. Wannan karen shi ne ƙafar mahaifina, kuma saura ƙiris in kashe shi da hannuna, ina ganin taimako nake yi.

Ni ce babba a gidanmu, mu biyar ne. Aikina dafa abinci a wata makarantar kwana ta 'yanmata, shekara goma sha shida ke nan. Na faɗi haka ne don ki san irin hannun da Allah ya ba ni. Duk abin da zai shiga tukunyata sai na tsince shi, na wanke shi sau uku, ruwan ƙarshe ya fito garau. Musamman wake, saboda maganin ƙwarin da 'yan kasuwa ke barbaɗa masa a rumbu. In na ji warin maganin, sai in wanke, in baza a rana, sannan in yarda yaran mutane su ci. Ba a taɓa kwasar ɗalibai zuwa asibiti daga kicin ɗina ba, kuma ina alfahari da hakan. Wannan alfaharin ne ya kai ni ya baro.

Shekara huɗu da suka wuce Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, wata biyar bayan rasuwar mahaifiyarmu. Jikin ya fara dawowa, amma zuciyar ta ƙi. Mai gashin ƙashi ya yi lallashi ya yi faɗa, Baba ya ce shi ba inda za shi, duk wanda ke son ganinsa ya san kujerar da yake zama. Ana cikin haka autanmu ya kawo wani ɗan kwikwiyo, wai don gadi, tunda da rana Baba shi kaɗai ne a gida. Baba ya ce a fitar masa da shi. Ba a fitar ba. Auta ya yi masa rumfa a tsakar gida kusa da ƙofa, ya yi tafiyarsa. Kafin wata biyu Baba ya raɗa masa suna Kansila, wai don ba a ganinsa sai an ji ƙarar kwano. Kowace safiya karen zai yi ta kartar ƙofa yana kuka har sai Baba ya ɗauki sanda. Farko iyakarsu bakin ƙofa, daga baya shagon mai gyaran keke, yanzu har ƙarshen layi su dawo. Abin da likita da 'ya'ya biyar suka kasa, kare ya yi.

Dole in yi miki bayanin Auta, don shi ne asalin damuwata. Magidanci ne yanzu, da mata da 'ya ɗaya, direban motar raba burodi ne. Tun yana ƙarami ba sa shiri da Baba. Ya bar makaranta a tsakiya, Baba bai taɓa mantawa ba. In kofi ya fashe a gidan nan, ko Auta yana wata unguwa, sunansa za a fara kira. Ni kuwa 'yar gaban goshi ce, abin da na faɗa ya zauna. To karen nan ne kaɗai ya zaunar da su a benci ɗaya. Asabar ɗin farkon kowane wata Auta zai shigo da buhun busasshen abincin kare a kafaɗa, irin ƙwayoyin nan masu ruwan ƙasa, ya ajiye a sito, su zauna da Baba su yi awa guda suna zancen haƙoran Kansila da gashin Kansila da karyar maƙwabta da ke zuwa leƙe. Wani lokaci ina kicin ina jin dariyarsu, in yi ta gode wa Allah a zuciyata.

Sai matar kawunmu ta turo wani bidiyo a guruf ɗinmu na 'yan gida da ke waya. Ita dai ba ta da aiki sai tura bidiyo, ranar nan ma cewa ta yi kada a sha ruwa a tsaye. Amma wannan ya kama ni. Wani mutum ne da farar riga irin ta likitoci, riƙe da buhun abincin kare, yana cewa akwai sinadaran da kamfanoni ke zubawa don kada abincin ya lalace, kuma wai suna jawo ciwon daji da ciwon hanta. Ya ambaci BHA da BHT da wani mai dogon suna da bakina ba ya iya faɗa. Ya nuna hotunan karnuka a kwance sun rame. Washegari na je gidan Baba, na ari tabaraunsa na karatu, na durƙusa a sito ina bin ƙananan rubutun bayan buhu da yatsa. Can ƙasa na gan shi: BHA. Shekara huɗu ana ɗura wa karen nan wannan abu!

Za ki ce me ya hana ni kiran Auta in ce a canza. Na yi tunanin haka. Amma na san in na ɗaga maganar, za ta kai kunnen Baba, kuma abin da Baba zai ji shi ne Auta ya shekara huɗu yana sayo guba. Ban so in rushe abu ɗaya tilo da ke tsakaninsu ba. Sai wata dabara ta faɗo mini, har ina yaba wa kaina. Na ce ai wannan da maganin wake duk tafiyar ɗaya ce, abin da aka barbaɗa ruwa zai fitar.

Da Auta ya kawo sabon buhu, na bari kwana biyu, na ce wa Baba zan kai gidana in juye a bokiti mai murfi saboda ɓeraye. Na sa a mota na tafi da shi. Na ɗauko babban baho da kwando, na riƙa zuba ƙwayoyin kaɗan-kaɗan ina ɗauraye su da sauri don kada su jiƙe su zama tuwon ƙasa. Da na ga mai yana tasowa saman ruwa, ruwan ya koma ja-ja, sai na ce alhamdulillahi, ga gubar nan tana fita. Sau uku na wanke, kamar yadda na saba. Na shimfiɗa tabarmi a bayan ɗaki na baza. Maigidana ya dawo daga aiki ya tsaya yana kallona, ya tambaya ko makarantar ta fara ɗaukar karnuka ne. Na ce ya bar ni, ba fanninsa ba ne. Rana ta biyu hadari ya haɗo da la'asar, na taɓa na ji bayansu ya bushe ƙarau, na kwashe na zuba a bokiti, na danne murfi da kyau, na mayar sitonsu Baba. Ban fasa ko ƙwaya ɗaya na duba cikinta ba.

Baba ne ke zuba wa karen abinci da kansa, da wani tsohon kofin roba, kuma idonsa ba shi da ƙarfi, ga siton ba haske. Bayan wajen kwana goma ya ce mini Kansila ya fara yanga, yana shinshina kwano ya juya baya. Sai ya riƙa zuba masa romo a kai don ya ci. Ni a raina na ce ai ɗanɗanon gubar ne ya saba da shi, zai saba da mai tsabta.

Ranar wata Talata da safe, ina tsaye kan tukunyar shayin ɗalibai, Baba ya kira ni. Ban taɓa jin muryarsa haka ba, ko ranar da aka fita da mahaifiyarmu. Kansila ya yi amai, jikinsa na karkarwa kamar mai jin sanyi, in ya tashi sai ya faɗi. Kafin in isa Auta ya riga ni, ya bar burodin mutane a mota, ya naɗe karen a bargo. Baba ya ce ƙafarsa ƙafar karen. Muka ɗunguma asibitin dabbobi. Likitar, wata mace mai saurin magana, ta sa masa ƙarin ruwa da allurai, ta ce a je a kawo mata abincin da yake ci.

Ni na koma ɗaukowa. Na fito da bokitin tsakar gida inda akwai haske, na buɗe, wani wari ya buge ni. Na karkata shi na ga ƙasan ya dunƙule, fumfuna fari da kore ya lulluɓe shi kamar auduga. Na zauna a bakin rijiya na kai minti biyar ban san abin da nake tunani ba.

Na koma asibitin, na shiga da bokitin ta ƙofar baya. Likitar ta leƙa sau ɗaya, ta tambaya ko ruwa ya taɓa shi. Na faɗa mata komai. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce a shekarunta na aiki ta ga masu ba kare maganin ciwon kai na mutane, ta ga masu yi masa wanka da kananzir, amma mai wanke busasshen abinci ni ce ta farko. Ta ce fumfunan ne ya sa shi karkarwa, kuma an kawo shi da wuri. Ba ta da lokacin dogon bayani, akwai wata akuya da ke naƙuda tana jiranta.

Na fito ɗakin jira na tarar Baba na yi wa Auta wankin babban bargo a gaban mutane. Wai tun da aka haife shi bai taɓa yin abu ɗaya daidai ba. Wai ya je ya kwaso ruɓaɓɓen kaya don ya huta. Wai abu ɗaya da ya rage masa a duniya shi ma sai da ya sa masa hannu. Akwai mutum shida ko bakwai a wurin, da masu kaji da mai mage, kowa ya sunkuyar da kai. Auta yana tsaye da rigar aiki duk aman kare, sai haƙuri yake ta ba Baba. Ni kuma ina tsaye da bokitin a hannu. Baba ya juyo ya tambaye ni me likita ta ce. Anti, na ce ta ce abincin ya yi fumfuna. Nan na tsaya. Ban yi ƙarya ba, amma na san abin da rabin gaskiyar nan zai yi, kuma ya yi. Baba ya ce kada Auta ya sake kawo ko tsinke gidansa.

Kwana biyu Kansila ya yi a asibiti. Ranar da muka je ɗaukarsa, da ya hango Baba ya riƙa kaɗa jela har gindinsa na juyawa, ya fizge igiya daga hannun ma'aikacin. Baba ya zauna a kan dakali yana shafa kansa yana share ido da hannun riga. Ni kuka na yi sosai, ban ji kunyar kowa ba. An sake gwada jininsa bayan mako biyu, likitar ta ce hantarsa da ƙodarsa lafiya lau. Yau sati uku, sun koma yawonsu na safe, jiya har sun wuce ƙarshen layi. Wallahi duk lokacin da na ji kartar ƙofar nan sai in ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Ban san ina ƙaunar dabbar nan haka ba.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Asabar ɗin farkon wata ta zo ta wuce, benci ba kowa. Auta yana kiran Baba a waya ya gaishe shi, minti ɗaya an gama. A guruf matar kawu sai cewa take ai ta faɗa, ga sinadari ya nuna kansa, wasu kuma na cewa halin Auta ne, ba a ba shi amana. Matarsa ta daina magana a guruf ɗin gaba ɗaya. Maigidana ya daina dariya, ya ce shi ba zai tona ni ba, amma ba zai kuma taya ni ɓoyewa ba in aka tambaye shi. Ni ke dafa wa karen shinkafa da kayan ciki yanzu, kuma likitar ta ce hakan ba zai wadatar da shi na dogon lokaci ba.

To Anti, ki faɗa mini gaskiya. Sinadaran nan suna kisa ko ba sa kisa? In na koma wa buhun, ina tsoro. In na guje shi, ban san me zan ba shi ba. Sannan maganar Auta. Wata zuciyar na ce mini in bar kaza cikin gashinta, kare ya warke, Baba zai huce kamar yadda ya saba hucewa, in na tona kuma hawan jininsa zai iya tashi. Wata zuciyar kuma ba ta barina in haɗa ido da ƙanina. Shekara arba'in da uku Baba bai taɓa ɗaga mini murya ba, ban san yadda zan tsaya a gabansa in ce ni ce ba.

Daga Mai Wanki Sau Uku

*

Ƙanwata Mai Wanki Sau Uku,

Na yi dariyar, ba zan ɓoye miki ba, daidai wurin tabarmi. Amma kafin in kai ƙarshe na daina. Barka da arziki. Kare ya tashi, tsoho ya koma tafiya, jini ya fito lafiya. Ki fara riƙe wannan da hannu biyu, don sauran abin da ya rage duk mai gyaruwa ne.

Ni ba likitar dabbobi ba ce, don haka na ɗauki wasiƙarki na kai wa wanda aikinsa ke nan, na kuma yi nawa karatun. Busasshen abincin kare yana da mai a cikinsa, kuma mai in ya daɗe yana shan iska lalacewa yake yi, ya yi wari, ya ɓata ciki, ya kashe wasu sinadaran gina jiki da ke cikin abincin. Don hana wannan ake sa BHA da 'yan'uwansa. Ba maganin ƙwari ba ne, kuma ba barbaɗa shi ake yi a sama kamar na wake ba, a cikin man yake narke. Abin da kika ga yana tasowa a baho man abincin ne da ɗanɗanonsa. Kin zubar da mai amfani, kin shigar da ruwa, kin rufe a bokiti a ɗaki mai zafi. Fumfuna ba ya neman gata fiye da haka.

Tsoronki kuwa ba na banza ba ne, kada ki bari kunya ta sa ki ɗauka ke wawuya ce. An yi gwaje-gwaje inda aka ɗura wa ɓeraye BHA mai yawan gaske na tsawon lokaci, wasu suka samu ƙari a wani sashe na tumbi, sashen da kare ma ba shi da irinsa. Saboda irin wannan ne hukumomin da ke kula da abincin dabbobi suka ƙayyade ɗan abin da aka yarda a sa, kuma mai dogon sunan nan da kika kasa faɗa, akwai ƙasashen da suka janye izinin amfani da shi saboda ba su gamsu da hujjojin amincinsa ba. Masana ba su gama rufe littafi a kan maganar ba. Amma tsakanin “ana bincike, a yi hattara” da “guba ce tana kisa” akwai tafiya mai nisa, kuma mai farar rigar bidiyo tsallake ta ya yi don a kalle shi. Babu wata hujja mai ƙarfi da ke nuna ɗan abin da ke cikin buhu mai rajista yana kwantar da kare. Naku ya ci shekara huɗu, an duba jininsa an ga lafiya. Lalataccen abinci kuwa kin ga aikinsa cikin kwana goma sha wani abu.

In hankalinki bai kwanta da BHA ba, ba dole. Akwai abincin da ake tsare shi da bitamin E ko ruwan wani ganye mai ƙamshi, za ki ga an rubuta a bayan buhu, kuma likitarku za ta nuna muku wanda ake samu a kusa da ku. Sharaɗinsa ɗaya, ba ya jure ajiya kamar wancan. A sayi ƙaramin buhu wanda zai ƙare cikin wata guda ko sati shida da buɗewa, a duba ranar lalacewarsa tun a shago. Kowane iri kuka zaɓa, a bar shi cikin buhunsa, a naɗe bakin a matse, in ana tsoron ɓera a saka buhun gaba ɗaya cikin bokitin. A ajiye inda ba zafi ba danshi, ba a kan siminti kai tsaye ba. Ruwa kada ya kusance shi sai a kwano, lokacin ci, kuma abin da ya rage a zubar. In za a canza iri, a riƙa gauraya sabo da abin da yake ci yanzu har mako guda. Siton nan a sa masa ƙwan lantarki, tunda idon Baba ya yi rauni. Kuma duk ranar da kare mai cin abinci ya shinshina ya juya baya, a duba abincin kafin a zarge shi da yanga, hancinsa ya fi na kowa a gidan. Shinkafa da kayan cikinki sun yi aikin jinya, amma likitar ta yi gaskiya, in za a daɗe a kan girkin gida sai an tsara shi da ita.

Wannan shi ne mai sauƙin. Yanzu ga wanda ya sa kika ɗauki alƙalami.

Na auna dalilanki na yin shiru, kuma ban raina su ba. Lafiyar tsoho abin dubawa ce. Niyyarki tun farko ma kare ƙaninki ce, kin wanke abincin ne don kada a zage shi. Garin neman gira aka rasa ido, wannan kowa na iya faɗawa ciki. Kuskuren baho kuskure ne, Allah ya rufa asiri, ya wuce. Amma shirun ɗakin jira ba kuskure ba ne, zaɓi ne, kuma kowace safiya da kika tashi ba ki gyara ba kin sake zaɓarsa. Kin ce Baba zai huce. Zai huce, amma zai huce ne yana mai imani cewa ɗansa ya kusa kashe masa kare saboda sakaci, ya ɗora wannan a kan tsohon tulin da yake riƙe da shi. Auta kuma zai ci gaba da tunanin ko da gaske shi ya sayo ruɓaɓɓe. Ki tuna bai san komai ba. Wataƙila yanzu haka yana zargin kansa. Batun hawan jini kuwa, tsohon da ya ga karensa na karkarwa ya jure, zai jure jin cewa 'yarsa ta yi wauta. Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya sha maganinsa, ki zauna kusa da shi, ki yi magana a hankali.

Ki fara da Auta, a cikin satin nan, kuma ki taka ki je gidansa, kada ki yi ta waya. Ki faɗa masa a gaban matarsa, don ita ma ta sha kunyar. Abin da kika yi, da abin da kika kasa yi a asibiti, da neman gafara. Kada ki sa “amma” a ciki, kada ki fara da bidiyon matar kawu. In ya yi fushi hakkinsa ne, ki ba shi lokaci. Bayan nan ku je wurin Baba tare, ke za ki yi magana, shi yana zaune. Sannan ki rubuta a guruf, layi uku sun isa, tunda a can ma an ci namansa. Wanda aka ɓata a gaban mutane ba a gyara shi a bayan ƙofa.

Sayen abinci kuma ki mayar masa da kayansa. Ku je wurin likitar tare in kina so, amma shi zai zaɓa, shi zai ɗauko, shi zai shigo da shi. Kuma kada ki tsaya jiran Baba ya ce masa ya yi haƙuri. Iyayenmu maza ba su iya wannan kalmar ba. In kika ji ya tambaye shi ko ya ci abinci, ko ya ce ya duba masa kunnen karen, to an ba da haƙurin ke nan, ki tashi ki ba su wuri.

Baba zai yi miki faɗa, wataƙila mai zafi. Ki sunkuyar da kai ki sha, na yini ɗaya ne, ba ya kisa. Ƙaninki ya fi shekara talatin yana shan irinsa, wani da laifinsa wani ba laifinsa, kuma duk da haka shi ya fara isowa da aka kira. Mahaifinku ya tsufa yana ganin yana da 'yar da ba ta kuskure da ɗan da ba ya daidai. Ke kaɗai ce za ki iya nuna masa cewa duka biyun ba haka ba ne, kuma gara ya sani tun yana da sauran ƙarfin da zai jawo ɗansa kusa.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya sanyaya zuciyar Auta, ya ba ki ƙarfin halin taka ƙofarsa. Ki shafa mini kan Kansila.

Antinku